Mawaƙa huɗu da fiyano ɗaya: Yadda opera ke isa ƙauyukan Birtaniya, da rigimar kuɗin da ke bayanta

Kowace shekara ƙungiyar Scottish Opera, wadda ke da mazauni a birnin Glasgow, takan tura mawaƙa huɗu da makaɗin fiyano ɗaya su zaga ƙananan garuruwa da tsibiran Sikotland. Sukan sauka a zauren taron gari ko na makaranta, su kafa ɗan dandamali da fitilu, su rera zaɓaɓɓun waƙoƙi daga manyan wasannin opera, da gari ya waye su ɗaure kaya su kama hanya. Sunan shirin Opera Highlights, wato tsintattun sassa mafi armashi daga wasanni daban-daban.

A ido abin nishaɗi ne na maraice guda. Amma tun daga shekarar 2022 irin wannan rangadi ya shiga tsakiyar wata muhawara ta siyasa a Birtaniya, wadda tambayarta ita ce: idan gwamnati ta karɓi haraji daga hannun kowa ta zuba a harkar fasaha da al'adu, wane ne ke cin moriyar kuɗin, kuma mene ne rabon mutumin da ke zaune nesa da babban birni? Wannan bayani ne a kan yadda rangadin yake, dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shi, da abin da ya sa ake jayayya a kansa.

Mene ne opera?

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi maimakon a faɗe shi. 'Yan wasan suna sanye da kayan da suka dace da labarin, suna motsi a kan dandamali kamar kowane ɗan wasa, sai dai zancensu waƙa ne, kuma ayarin makaɗa na zaune a wani rami da ke gaban dandamalin yana raka su. Bisa al'ada ba a amfani da makirufo. Mawaƙin kan shafe shekaru yana horar da numfashi da maƙogwaro har muryarsa ta iya ratsa sautin makaɗa masu yawa ta kai kujerar ƙarshe a zauren da ke cin mutum dubu biyu.

Salon ya samo asali ne a Italiya a ƙarshen ƙarni na 16, a fadojin masu mulki. Wasan *L'Orfeo* na Claudio Monteverdi, wanda aka fara nunawa a fadar Mantua a 1607, yana cikin mafi daɗewa da har yau ake yi. A 1637 aka buɗe gidan opera na farko da kowa zai iya shiga idan ya biya kuɗi, a birnin Venice. Tun daga nan opera ke tsakanin gida biyu: fadar da ke ɗaukar nauyinta da kasuwar da ke sayen tikitinta.

Wasa guda kan ɗauki sa'o'i biyu zuwa huɗu, wasu ma fiye. A cikinsa akwai wuraren da labari ke tafiya da sauri, akwai kuma wuraren da labarin ke tsayawa mawaƙi ɗaya ya amayar da abin da ke ransa, na so ko baƙin ciki ko fushi. Irin wannan waƙa ta mutum ɗaya ita ake kira aria. Su ne sassan da mutane ke haddacewa, kuma su ake tsinta a haɗa shirin rangadi. Wanda ya san yadda waƙar fim ɗin Indiya ko na Kannywood ke fita daga cikin fim ta yi rayuwarta a waya da gidan biki, har wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba ya iya ta, ya riga ya fahimci rabin al'amarin.

Me ya sa ba a kai cikakken wasan ƙauye?

Amsar tana cikin yawan mutanen da wasa guda ke buƙata. Wasan Verdi ko Puccini kan nemi makaɗa sittin ko fiye, wasu wasannin Wagner kuma sukan kai kusan ɗari. Ga 'yan amshi gommai, ga manyan mawaƙa, ga jagoran makaɗa, ga masu ɗinki, kafintoci, masu fitilu da masu jan labule. Kayan adon dandamali kaɗai sukan cika manyan motoci. Sannan dole zauren ya kasance yana da ramin makaɗa da faffaɗan dandamali, abin da ƙananan garuruwa ba su da shi.

Akwai kuma wata matsala ta tattalin arziki da masana biyu 'yan Amurka, William Baumol da William Bowen, suka fayyace a 1966. A masana'anta, sabuwar na'ura kan sa ma'aikaci ɗaya ya yi aikin mutum goma, farashin kaya ya sauka. A dandamali ba haka abin yake ba. Waƙar da aka rubuta wa muryoyi huɗu a zamanin Mozart har gobe muryoyi huɗu take buƙata, kuma lokacin da take ci bai ragu ba. Albashi da kuɗin haya da na sufuri suna hawa, yawan aikin da ake samarwa yana nan inda yake. Saboda haka kuɗin tikiti ba ya rufe kuɗin da aka kashe, sai dai a tsawwala farashi har ya fi ƙarfin yawancin jama'a, ko kuma a samu wanda zai cike giɓin: gwamnati ko attajirai.

Sikotland tana da mutane kusan miliyan biyar da rabi, yawancinsu a yankin da ke tsakanin Glasgow da Edinburgh. Arewacin ƙasar tsaunuka ne da tsibirai masu ƙarancin jama'a. Mai son zuwa Stornoway a tsibirin Lewis daga babban yankin ƙasar sai ya yi sama da sa'o'i biyu a jirgin ruwa daga Ullapool, mai zuwa Shetland daga Aberdeen kuwa kwana yake yi a kan teku. Ɗaukar mutum ɗari da hamsin da kayansu zuwa irin waɗannan wurare domin 'yan kallo ɗari biyu lissafi ne da ba zai taɓa fita ba. Mutum biyar da fiyano da ƙaramar motar kaya kuwa suna iya zuwa.

Yadda ake haɗa shirin

Ba a banza aka tsaya a kan mawaƙa huɗu ba. Yawanci akan ɗauki mace mai siririyar murya, mace mai matsakaiciyar murya, namiji mai murya ta sama, da namiji mai kauri, waɗanda a harshen sana'ar ake kira soprano, mezzo, tenor da baritone. Da waɗannan huɗun ana iya yin waƙar mutum ɗaya, ta mutum biyu, ta uku da ta huɗu daga kusan kowane zamani na opera. Makaɗin fiyano shi ke ɗauke da aikin ayarin makaɗa baki ɗaya, domin akan taƙaita kiɗan da aka rubuta wa kayan kiɗa da yawa ya koma na hannu biyu.

Tun da waƙoƙin daga wasanni daban-daban suke, mai tsara shirin kan ƙulla musu wani ɗan labari, kamar taron biki ko haɗuwar mutane a wuri guda, don kada abin ya zama jerin waƙoƙi kawai. Akan cakuɗa sanannun sassa daga wasanni irin su *Carmen* na Bizet da *La traviata* na Verdi da waɗanda ba a cika ji ba, wani lokacin har da sabuwar waƙa da aka rubuta musamman domin rangadin.

Ga ƙungiyar kanta, rangadin makaranta ce. Scottish Opera tana da shirin renon matasan mawaƙa, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake turawa yawon daga nan suke fitowa. Matashin da ya rera waƙa dare bayan dare a zauruka masu bambancin sauti, ga 'yan kallo a gabansa har yana ganin fuskokinsu, yana samun gogewar da aji ba ya bayarwa. Ƙungiyar tana kuma da wani shiri mai suna Pop-up Opera, inda ake taƙaita wasa guda zuwa kimanin rabin sa'a, da mai ba da labari da zane-zane, a kai shi unguwanni da filaye.

Daɗaɗɗiyar al'ada ce

Yawo da opera ya girmi tallafin gwamnati. Ƙungiyar Carl Rosa, wadda aka kafa a 1873, ta shafe shekaru sama da tamanin tana zaga biranen Birtaniya tana wasa da Turanci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, aka kafa hukumar raba tallafin fasaha ta ƙasa, wato Arts Council, wadda masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya jagoranci assasa ta. A 1949 hukumar ta ƙaddamar da shirin Opera for All, wanda ma'anarsa opera ga kowa: 'yan mawaƙa kaɗan da fiyano suna shiga garuruwan da manyan ƙungiyoyi ba sa zuwa. A 1979 aka kafa ƙungiyar Opera 80 ta gaji wannan aiki tare da ƙaramin ayarin makaɗa, ita ce kuma ta koma English Touring Opera a 1992. Glyndebourne, shahararren gidan opera na masu hannu da shuni a kudancin Ingila, shi ma ya fara nasa rangadin a 1968.

Alexander Gibson ne ya kafa Scottish Opera a 1962. Ita ma ta ɗanɗana kuɗarta a hannun rashin kuɗi. Bayan ta kammala gagarumin jerin wasannin *Ring* na Wagner a 2003, bashi ya yi mata katutu, aka sallami 'yan amshinta na dindindin, kuma ta shafe kakar 2005 zuwa 2006 ba tare da manyan wasanni ba. Daga 2007 gwamnatin Sikotland ta fara ba ta kuɗi kai tsaye, a matsayin ɗaya daga cikin ƙungiyoyin fasaha biyar na ƙasa. Ƙungiyar da ke amsa sunan ta ƙasa, kuma take karɓar miliyoyin fam daga baitulmali duk shekara, dole ta iya nuna cewa mutumin tsibiri ma ya gan ta. Ta wannan fuska, ƙaramar motar da ke ɗauke da mawaƙa huɗu tana cikin hujjojin da ke kare kasafin babban gidan da ke Glasgow.

Girgizar 2022

Harkar al'adu tana cikin ikon da aka miƙa wa Sikotland tun 1999, don haka tana da nata tsarin. A Ingila hukumar Arts Council England ce ke raba kuɗin, waɗanda ke fitowa daga haraji da kuma cacar ƙasa da aka fara a 1994. An daɗe ana kukan cewa Landan ke lashe kaso mafi tsoka. Wani rahoto da Peter Stark, Christopher Gordon da David Powell suka fitar a 2013 ya ƙiyasta cewa kuɗin gwamnatin tsakiya da ake kashewa a kan fasaha da al'adu ya kai kusan fam 69 ga kowane mutum a Landan, alhali a sauran sassan Ingila bai kai fam 5 ba.

A farkon 2022 sakatariyar al'adu ta lokacin, Nadine Dorries, ta umarci hukumar da ta karkatar da wani kaso na kuɗin daga Landan zuwa sauran yankuna, a ƙarƙashin manufar gwamnatin Boris Johnson ta daidaita ci gaba tsakanin sassan ƙasar. A ranar 4 ga Nuwamba 2022 hukumar ta sanar da sabon rabonta: kimanin fam miliyan 446 a shekara ga ƙungiyoyi 990. Opera ce ta fi jin jiki.

An cire English National Opera daga jerin masu karɓar tallafin shekara-shekara, wanda ya haura fam miliyan 12, aka yi mata tayin fam miliyan 17 na shekara uku idan za ta tashi daga Landan. Wannan ƙungiya ce da ke rera wasanninta da Turanci domin talaka ya fahimta, kuma tana bai wa 'yan ƙasa da shekara 21 tikiti kyauta. An rage wa Glyndebourne kusan rabin tallafinta, aka kuma zabtare wa Welsh National Opera kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da take samu daga hukumar ta Ingila. Shugaban gudanarwar hukumar, Darren Henley, ya kare matakin a wani rubutu da ya yi a jaridar Guardian, inda ya nuna cewa makomar opera ta haɗa da yin ta a wuraren ajiye motoci, mashaya da allon na'urar hannu, maganar da ta fusata mawaƙa da makaɗa da yawa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ɗaukar hankali. Kuɗin da ake bai wa Glyndebourne da Welsh National Opera, mafi yawansa na rangadi ne zuwa garuruwan Ingila da ke wajen Landan. Da aka rage shi, Welsh National Opera ta soke zuwa Liverpool, sannan a Janairun 2023 Glyndebourne ta sanar da cewa ba za ta yi rangadin wannan shekarar ba, rangadin da kan kai ta garuruwa irin su Norwich, Canterbury, Milton Keynes da Liverpool. Manufar da aka ce an yi ta domin mutanen wajen Landan sai ga shi ta raba wasunsu da babbar opera da ke zuwa ƙofar gidansu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Bayan zanga-zanga da muhawara a majalisar dokoki, hukumar ta sassauta wa English National Opera: ta ba ta fam miliyan 11.46 na shekara guda, sannan fam miliyan 24 na 2024 zuwa 2026, tare da ƙarin lokacin ƙaura. A Disamban 2023 aka sanar da yankin Manchester a matsayin sabon mazauninta, ko da yake za ta ci gaba da yin wasu wasanni a gidanta na Coliseum da ke Landan. Ma'aikata ne suka biya wani ɓangare na farashin, domin an mayar da makaɗa da 'yan amshi aikin wani sashe na shekara, lamarin da ya kai ƙungiyoyin ƙwadagonsu ga kaɗa ƙuri'ar yajin aiki a farkon 2024 kafin a sasanta.

Ɗanɗano ne ko ƙoshi?

Masu goyon bayan ƙaramin rangadi suna da hujja mai ƙarfi. Waƙa guda tana iya buɗe wa mutum ƙofa. Lokacin da BBC ta yi amfani da muryar Luciano Pavarotti yana rera *Nessun dorma*, daga wasan *Turandot* na Puccini, a matsayin taken gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya, miliyoyin masu kallon ƙwallo da ba su taɓa taka gidan opera ba suka san waƙar. Pretty Yende, 'yar garin Piet Retief a Afirka ta Kudu, ta sha bayyana cewa ta fara jin opera ne tana 'yar shekara 16 a wata tallar kamfanin jiragen British Airways, wadda ke ɗauke da waƙar mata biyu daga wasan *Lakmé*. A watan Mayun 2023 ita ce ta rera waƙa a bikin naɗin Sarki Charles na Uku. Idan talla ta 'yan daƙiƙoƙi ta yi wannan, me zai hana muryar da ke tsaye a gaban yaro a zauren garinsu ta yi?

Masu suka ba sa musun wannan. Abin da suke tsoro shi ne ɗanɗano ya maye gurbin abinci. Aria da aka cire daga labarinta tana rasa wani abu, domin kukan da mawaƙiya ke yi a ƙarshen wasa yana samun nauyinsa ne daga sa'o'i biyun da mai kallo ya yi tare da ita. Fiyano kuma, komai ƙwarewar mai kaɗa shi, ba ya ba da abin da makaɗa sittin ke bayarwa. Idan babban birni na samun cikakken wasa, ƙauye kuma na samun gutsure, to an samar da 'yan ƙasa hawa biyu a gaban kuɗin da dukansu suka biya. Mafi muni, ƙaramin shirin na iya zama mafakar hukuma: a lissafa garuruwa talatin da aka ziyarta a rubuta a rahoto, a yi shiru a kan yawan makaɗan da suka rasa aikin dindindin.

Akwai kuma gaskiyar da ɓangarorin biyu suka yarda da ita. Ƙaramin rangadi yana rayuwa ne a jikin babbar ƙungiya. Daga can ake samun masu horar da murya, ɗakin ɗinki, ma'ajiyar kayan wasa da ofishin da ke tsara tafiya. Matashin mawaƙin da ya yarda ya yi makonni yana kwana a ƙananan masaukai yana yin haka ne da fatan wata rana zai hau babban dandamali. Idan aka karya uwar, 'ya'yan ba za su daɗe suna yawo ba.

Tambayoyin da suka shafe mu

Opera ba ta cikin abin da ke gaban mai karatu a Kano ko Damagaram, amma lissafin da ke bayanta ba baƙo ba ne. Najeriya ta gina babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Iganmu da ke Legas, wanda ya karɓi bikin FESTAC a 1977, tana kuma da ƙungiyar wasanni ta ƙasa, National Troupe of Nigeria, da ake ɗaukar nauyinta daga kasafin tarayya. Kusan kowace jiha tana da hukumar raya al'adu. A kudu maso yammacin ƙasar, Hubert Ogunde da Duro Ladipo sun zaga gari-gari da wasannin waƙa na Yarbanci, suna dogaro da kuɗin ƙofa, kamar yadda makaɗan Hausa irin su Mamman Shata suka kai waƙarsu duk inda masu sauraro suke.

Darasin Birtaniya shi ne cewa an iya yin wannan muhawara ne domin alƙaluman suna fili. An san nawa aka bai wa kowace ƙungiya, an san garuruwan da ta je, an san ranar da ta daina zuwa, shi ya sa mutanen Liverpool da Norwich suka iya nuna abin da suka rasa, 'yan majalisarsu kuma suka iya tayar da maganar. Wanda ke son bibiyar kuɗin al'adu a jiharsa zai iya farawa da tambayoyi uku: nawa aka ware a kasafin bana kuma nawa aka saki, kashi nawa ya tafi a albashi da gyaran gini idan aka kwatanta da wasan da jama'a suka gani da idonsu, sannan ƙananan hukumomi nawa ne ƙungiyar wasannin jihar ta taka a shekarar da ta wuce ba tare da gwamna ko wani babban baƙo yana wurin ba.